Basil Davidson da Zamanin da Ɗan Jarida ke Neman Tarihi da Ƙafa

Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 1980 zai tuna cewa talabijin tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Sai la'asar ta yi ake kunna akwati, a yi taken ƙasa, mai gabatarwa ya fito ya yi sallama ya karanto shirye-shiryen daren. Wajen sha biyu a sake taken ƙasa, a rufe, kowa ya kama gabansa. Tasha ɗaya ce ko biyu a gari, akwatin ma ba kowane gida ke da shi ba. Mai shi yakan fito da shi tsakar gida ko zaure, yaran unguwa su cika tabarma, manya su jeru a baya, idan hoto ya fara rawa a tura wani ya je ya juya eriya. Da yake abin kallon kaɗan ne, abin da aka gani yakan zauna a ka. Washegari a makaranta da teburin mai shayi shi za a wuni ana maimaitawa.

Kafin akwati ya iso, majigi muke da shi. Motar ma'aikatar yaɗa labarai ta iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a tada janareta, mai fassara ya riƙe lasifika yana ƙara wa labarin gishiri. Abin da ake nunawa bai wuce noman gyaɗa da auduga ba, da tsaftar rijiya, da allurar rigakafi, da rangadin manya. An koya mana abubuwa masu amfani, amma ba kasafai aka nuna mana mu su waye ba, ko daga ina muka fito. Ko bayan an buɗe talabijin ta Kaduna a 1962, har aka haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin NTA a 1977, fim mai ba da tarihin Afirka tun daga tushe bai zama abin da ake gani kullum ba.

Cikin wannan hali ne, a 1984, aka fito da wani shiri mai kashi takwas mai suna Africa, kowane kashi kusan awa guda. Tashar Channel 4 ta Ingila da abokan aikinta suka shirya shi, kuma NTA na cikin waɗanda suka sa hannu. Wasu a talabijin suka gan shi, wasu sai daga baya a kaset ɗin bidiyo. Mai gabatarwar wani dattijon Bature ne mai furfura, ɗan kimanin shekara saba'in, ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Yakan tsaya a gindin ganuwa ko bakin kogi ya yi bayani kamar mai hira da tsohon aboki. Ɗaliban sakandare da yawa sun riga sun san sunansa a bangon littafin tarihi, amma ba su taɓa ganin fuskarsa ba: Basil Davidson.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne, mutumin bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. An haife shi a Biristol ta Ingila a 1914, ya bar makaranta yana da shekara 16. Aikin da ya fara ci da shi shi ne liƙa takardun tallar ayaba a tagogin kantuna. Daga nan ya lallaɓa ya shiga aikin jarida, har ya zama wakilin mujallar The Economist a Faris gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ɓarke sai aka ɗauke shi aikin asiri na sojan Birtaniya. A 1943 aka sauke shi da laima a Yugoslabiya, ya zauna cikin mayaƙan sa-kai masu yaƙar Jamusawa daga daji da duwatsu, daga baya ya yi irin wannan aiki a arewacin Italiya. Ya ci abin da suka ci, ya kwana inda suka kwana. A can ya koyi abin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, wato labarin mutane a wurinsu ake samunsa, ba a ofishin wanda ya mamaye su ba.

Bayan yaƙi ya koma bakin alƙalami, ya yi wa jaridar The Times aiki, sannan New Statesman da Daily Herald da Daily Mirror. A farkon shekarun 1950 aikin ya kai shi Afirka ta Kudu, inda aka fara kafa dokokin wariyar launin fata. Abin da ya rubuto ya fito a littafi a 1952, sakamakonsa kuwa hukumomin can suka haramta masa shiga ƙasar. Bai daddara ba. Ya bi ta Kwango, wadda ke hannun Beljiyam, ya shiga Angola, wadda ke hannun Fotugal, ya fito da littafi a 1955 yana fallasa aikin tilas da ake sa mutane a gonaki da hanyoyi da sunan kwantiragi. Irin wannan rubutu ya ja masa baƙin jini a gida. An taɓa yi masa tayin aikin edita a hukumar UNESCO, gwamnatin ƙasarsa ta hana.

A nan ne ɗan rahoto ya fara juyewa zuwa marubucin tarihi, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Duk inda ya je, hujjar masu mulkin mallaka ɗaya ce: waɗannan mutane ba su da jiya, ba su taɓa gina komai ba, mu muka kawo musu tsari. Davidson ya lura cewa muddin wannan magana na tsaye, duk rahoton zalunci da zai aika gida za a karanta shi ne a ce ai taimakonsu ake yi. Ba jahilai kaɗai ke faɗin haka ba. Har a 1963 wani babban farfesan tarihi na jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana cewa babu wani tarihin Afirka da za a koyar in ban da na Turawan da suka shigo ta. Saboda haka Davidson ya koma baya. A 1959 ya fitar da Old Africa Rediscovered, inda ya jero daulolin Kush da Aksum da Gana da Mali da Songhai, da biranen gaɓar Suwahili, da ganuwar duwatsu ta Zimbabuwe. A 1961 ya biyo da Black Mother, kan cinikin bayi ta Tekun Atlantika da irin ɓarnar da ya yi.

Adalci ne a faɗa cewa ba shi ya tono tarihin ba, shi ma bai taɓa cewa shi ne ba. Mu a nan ba mu taɓa rasa tarihinmu ba. Akwai Tarihin Kano da jerin sarakunanta, akwai Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, akwai abin da Imam Ahmad ibn Furtu ya rubuta kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma na Barno, akwai tarihohin malaman Tambutu, ga kuma maroƙa da makaɗan fada da ke riƙe da salsalar gidaje a ka. A jami'o'i kuma Kenneth Dike da J. F. Ade Ajayi a Ibadan, da Abdullahi Smith wanda ya koma Zariya ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, suna ta aikin tattara takardu da horar da ɗalibai. Abin da Davidson ya kawo shi ne hannun ɗan jarida. Ya karanta abin da masana suka rubuta wa junansu, ya mai da shi maganar da ɗan aji huɗu zai karanta ya gane. Littafinsa na tarihin Afirka ta Yamma daga shekarar 1000 zuwa 1800, wanda ya fito a 1965 da haɗin gwiwar F. K. Buah na Gana da shawarar Ajayi, shi ne ya shiga jakunkunan ɗalibai daga Firitawun har Maiduguri. Yaron da yayyensa suka haddace sunayen sarakunan Ingila, shi sai ga shi yana karanta Mansa Musa da Askiya Muhammadu da Sarauniya Amina don cin jarrabawa.

Rubutun tarihi bai sa ya ajiye takalmin tafiya ba. A 1967, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya shiga dazuzzukan Gini Bisau tare da mayaƙan Amilcar Cabral, ya ga makarantu da ɗakunan shan magani da suka kafa a yankunan da suka ƙwace daga Fotugal. Littafin da ya rubuta kan tafiyar ya fito a 1969, Cabral da kansa ya rubuta masa gabatarwa. A 1970 ya tsallaka daga Zambiya ya shiga gabashin Angola a ƙasa tare da mayaƙan neman 'yanci na MPLA, tafiyar makonni cikin yashi da fadama. A wancan zamani babu wayar hannu, babu hanyar sanar da iyali ko kana raye. Ɗan jarida littafin rubutu ne da fensir a aljihunsa, sai ya fito gari ya samu keken rubutu da gidan waya kafin duniya ta ji abin da ya gani. Labari yakan kwana wata biyu a jaka, kuma wannan jinkirin kan ba marubuci damar tauna abin da zai faɗa.

Saboda haka ranar da aka ɗora masa kyamara, ba baƙo aka kawo ya karanta abin da wani ya rubuta masa ba. Shekara talatin ya yi yana bin nahiyar kafin ya tsaya gaban gilashi, kuma shi ya rubuta abin da ya faɗa. Wannan shi ne sirrin nauyin shirin.

Yadda ake irin wannan aiki a lokacin ma abin tunawa ne. Da fim ake ɗauka, mai faɗin milimita 16, kuma naɗi ɗaya ba ya wuce minti goma sha ɗaya. Kowane naɗi kuɗi ne, ga nauyi, ga shi ba ya son zafi da ƙura. Murya a rikoda daban ake ɗaukarta, shi ya sa ake buga ɗan allon nan a farkon kowace ɗauka, don a samu inda za a haɗa sauti da hoto daga baya. Mai kyamara ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an kai fim ɗin an wanke, wani lokaci bayan makonni, a wata ƙasa. Idan haske ya ɓaci, shi ke nan, an riga an bar garin. Mai tacewa kuma da hannu yake yanka yana liƙawa. Duk wannan ya tilasta wa ma'aikata su yi tunani kafin su danna. Sai an je an gaida sarki, an zauna da dattawa, an sha ruwa, an fahimci abin da ake nema, sannan a buɗe akwatin kyamara.

Kashi na farko ya nuna zanen duwatsun Sahara da Masar da Merowe ta Sudan, don ya rushe zancen cewa wayewa daga waje aka shigo da ita. Na biyu ya hau duwatsun Sukur, a yankin Madagali ta jihar Adamawa ta yau, inda aka nuna yadda ake narka tama a fitar da ƙarfe, sana'ar da ko a lokacin ta riga ta ja baya, sai a hannun tsofaffi. A kashin kuma akwai makiyayan Pokot na Kenya da manoman Dogon na Mali. Na uku ya bi ayarin zinariya, daga Jenne da Tambutu ya ƙetare hamada, ya taɓo hajjin Mansa Musa na 1324 da tafiye-tafiyen Ibn Baɗɗuɗa. Sauran sun bi zuwan 'yan mishan da masu bindiga, da taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka tsara yadda za su raba nahiyar, wanda shirin ya fito daidai cikarsa shekara ɗari, sannan gwagwarmayar neman 'yanci da abin da ya biyo baya.

Amma ga mutumin Arewa, kashi na huɗu ne nasa. A nan kyamara ta shiga Kano, ta shiga Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, aka nuna Sarki Ado Bayero zaune da 'yan majalisarsa, ga dogarai, ga masu faɗuwa gaisuwa ana amsa musu. Mu da muka saba ganin wannan ba mu ɗauke shi wani abu ba, sai da muka ji yadda baƙo ya bayyana shi. Bai nuna fadar a matsayin kayan kallo na masu yawon buɗe ido ba. Ya nuna ta a matsayin tsarin mulki mai majalisa da shari'a da haraji da kasuwa, wanda ya girmi zuwan Gwamna Lugga da ɗaruruwan shekaru. Ya jera Kano da Ife da Binin a sahun biranen da suka yi zamani da manyan biranen duniya. Yaro da ke zaune a tabarma ya ga ƙofar da yake wucewa kullum zuwa makaranta ta zama darasi ga mutanen Landan. Gani ya kori ji.

Yau shirin da kansa ya zama kayan tarihi. A kashi na ƙarshe akwai hira da Shehu Shagari, da Robert Mugabe na Zimbabuwe, da Leopold Senghor na Senegal. Kafin a nuna shi ma sojoji sun hamɓare Shagari a ranar ƙarshe ta 1983. Duka ukun sun rasu. Sarki Ado ya rasu a 2014 bayan kusan shekara 51 a gadon sarauta. Masu ɗauke da makamai sun rusa hubbaren waliyyan Tambutu a 2012. Sukur, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta farko a Nijeriya, ta sha harin Boko Haram a 2014. Tsofaffin da suka hura zugazugi a gaban kyamara ba sa nan. Abin da aka ɗauka don a ba da labarin da, ya koma shaidar yadda wuraren suke a farkon shekarun 1980.

Ba a ce mutumin ba shi da inda ya gaza ba. Masu sukarsa sun ce ƙaunar da yake yi wa ƙungiyoyin neman 'yanci ta sa ya yi musu kyakkyawan zato fiye da kima, kuma abin da wasu shugabanninsu suka aikata bayan sun hau mulki ya ba masu sukar hujja. Shi ma bai rufe ido ba. A littafinsa na 1992, The Black Man's Burden, ya zauna ya duba dalilin da ya sa murnar 'yanci ta koma ciki, ya ɗora babban laifin a kan tsarin ƙasa irin na Turai da aka gada ba tare da an gina shi kan abin da mutane suka sani na mulkin kansu ba. Ana iya yarda da shi, ana iya musu. Abin da ba a musu a kai shi ne ya je ya gani kafin ya yi magana. Ya rasu a 2010 yana da shekara 95, ya bar littattafai sama da talatin.

Hanyar da ya bi ba ta toshe ba. Shekara biyu bayan nasa, Farfesa Ali Mazrui ya fito da The Africans mai kashi tara, wannan karon ɗan Afirka ne ke riƙe da zaren labarin, kuma nan ma da hannun NTA. A 2017 Zeinab Badawi, 'yar jaridar BBC haifaffiyar Sudan, ta fara nata jerin shirye-shiryen bisa kundin tarihin Afirka na UNESCO, daga baya ta mai da aikin littafi a 2024. Ita ma daga ɗakin labarai ta fito, ta bi ta fim, ta ƙare a tarihi. A gidanmu ma akwai tushen abin. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafa ta a 1939, bai tsaya ga labarin mako ba, ya rubuta tafiyarsa ta Ingila ta 1943, ya rubuta tarihi. Adamu Halilu, wanda ya taso a sashen fim na gwamnatin Arewa, shi ya mai da littafin Shaihu Umar fim a 1976. Gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai sun yi ma'aikatan da suka ɗauki rikoda suka bi ƙauyuka suna naɗar muryoyin makaɗa da masu ba da tarihi.

Abin da ya ɓace shi ne haƙurin. Yanzu kyamarar da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi wadda aka shiga Gidan Rumfa da ita sauƙin aiki nesa ba kusa ba, ba a sayen fim, ba a jiran wanki. Amma ɗan jarida ana auna shi ne da wanda ya riga sakin labari, ba da wanda ya fahimce shi ba. Ana rahoton rikicin manoma da makiyaya ba a san tarihin burtali da jangali ba. Ana rahoton rigimar sarauta ba a san yadda gidajen suka rabu ba. Ga shi kuwa waɗanda suka ga dalar gyaɗa da idonsu, da waɗanda suka yi siyasar NEPU da NPC da Sawaba, da matan da suka yi saƙa da kaɗi, da masu rini da dukanci da fatauci a kan jaki, kullum raguwa suke yi.

Don haka kirana biyu ne. Ga shugabannin gidajen rediyo da talabijin: ku buɗe ɗakunan ajiyarku, ku ceci tsofaffin faya-fayai da kasakasai ku juye su a kwamfuta kafin gara da zafi su gama da su. Ga matasan 'yan jarida kuwa: kowannenku ya zaɓi gari ɗaya ko sana'a ɗaya, ya karanta abin da aka rubuta a kanta, ya je ya durƙusa gaban dattawanta ya naɗi bakinsu da harshensu, ya rubuta suna da wuri da rana. Bature ya yi nasa da ƙafa da fensir. Sauran aikin namu ne, kuma dattawan ba za su jira mu ba.